Na haddace su Henderson, amma a gaban gado kaina ya ɗaure

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni, aji biyu a makarantar koyon jinya, kuma tun shekaranjiya na rasa sukuni. An tura mu ɗakin mata na tiyata, aka haɗa ni da wata baiwar Allah da aka yi wa aiki a ciki, aka ce in riƙa auna ta duk rabin awa. Bugun zuciyarta ya fara da 88, ya koma 102, can ya kai 118. Awon jininta kuwa yana nan wajen 110/70, sai na ɗauka lafiya lau, na rubuta na wuce. Sista na ganin takardar ta daka min tsawa, ta sa aka kira likita. Ashe jini ke zuba ta ciki. An mayar da ita tiyata, alhamdulillah ta farfaɗo. A aji ba a bar ni a baya ba, ka'idojin masanan aikin jinya, wato buƙatu 14 na majinyaci da Henderson ta jera, da na Orem, da na Roy, duk suna kaina. To ina amfaninsu? Ko in watsar in kama aikin hannu kawai?

Nas mai aikin dare: Wa alaikumus salam ƙanwata. Idan jini na zuba, zuciya ce ke fara ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, shi ya sa awon jini ke tsayawa daram. Mai ƙuruciya yakan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awon ya faɗi. Kada ki kalli lamba ɗaya, ki duba inda suka dosa. Ki taɓa hannunta ki ji ko ya yi sanyi da gumi, ki buɗe ƙasan idonta, ki leƙa ledar fitsari. In babba ya kasa yin fitsari mililita 30 a awa, a sanar da na gaba.

Ɗan aji uku: Gaskiya waɗannan ka'idojin na cin jarrabawar Kansul ne, wato hukumar da ke ba nas lasisin aiki. Ki haddace, ki zuba musu a takarda, aiki kuma a ɗakin majinyata ake koyonsa.

Malamar jinya mai ritaya: Ɗana, ban yarda da kai ba. 'Yata, hadda kika yi, ba ki taɓa ɗaukar ta kin kai bakin gado ba. Jerin Henderson da numfashi ya fara, sai ci da sha, sai fitar da bawali da bayan gida, sai motsi, sai barci. Wannan ai jerin abin da za ki duba ne. Da kin bi shi a kan matar nan, da kin lura numfashinta ya ƙaru, tana ta neman ruwa, ta kasa kwanciya wuri ɗaya.

Matakai biyar da ake koya muku fa? Tattara bayani, gano matsala, tsarawa, aiwatarwa, sake dubawa. Kin yi na farko, kuma kin yi shi da gaskiya, tunda lambobinki ne suka ceci matar. A na biyu kika tsaya. Christine Tanner, wata masaniyar aikin jinya, ta kasa yadda nas ke yanke shawara a kan majinyaci gida huɗu a 2006: lura, fassara, ɗaukar mataki, waiwaye. Kuma mutum ba ya lura sai ya san abin da yake sa ran gani. Kafin ki ɗaga ma'auni, tambayi kanki: wane aiki aka yi mata, me ya fi kashe irinta a awannin farko, da wace alama zai fara? Bayan tiyata jini ne kan gaba.

Orem kuma, mai ka'idar yadda majinyaci zai kula da kansa, ranar sallama za ki ga ranarta: dattijo mai ciwon suga, idonsa ya yi rauni, wa zai ja masa allurar insulin a gida? Af, kada ki raina mai jinya. Ita ke kwana a gindin gado, in ta ce "Sista, ba haka take ɗazu ba", ki ajiye biro ki je.

Mai tambaya: Na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Amma wallahi tsoron Sistar nake, kada in kira ta a ce ba komai ta disga ni.

Nas mai aikin dare: Tsawar nan duk mun sha ta. Ki je mata da magana a shirye: gado na shida, aikin ciki da safe, bugu ya tashi daga 88 zuwa 102, hannu da sanyi, ina zargin jini, don Allah a zo a duba. A 102 ɗin za ki kira, kada ki jira 118.

Malamar jinya mai ritaya: Ki samu ƙaramin littafi. In kin tashi aiki ki rubuta majinyaci ɗaya, ban da sunansa: me kika gani, me kika zata, me ya faru. Fara da matar nan yau da dare.