Waɗanda suka taɓa neman lauya kan sakacin asibiti, ku ba mu labari

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa a wani asibiti, sati bakwai tana fama da zazzaɓi da ciwon mara, har aka koma wani wurin aka yi hoto, aka sake buɗe ta aka ciro audugar da aka manta a cikinta. Ta rayu, amma an cire mata mahaifa tana da shekara 26. Manyan gida sun ce a bar wa Allah. Mijinta kuwa ya ƙi haƙura. Wanda ya taɓa bin irin wannan hanya ya faɗa mana abin da ya tarar.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni na bi, kuma na sha kaye. Mahaifinmu ya rasu bayan an ƙara masa jinin da ba irin nasa ba. Muka yi zaman makoki, muka yi sadakar arba'in, muka tsaya shawarar dangi, sannan muka je wurin lauyan da ya taɓa tsaya mana a rigimar fili. Mutumin kirki ne, amma ba fagensa ba ne. Ranar farko lauyan asibitin ya miƙe ya ce asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati wata uku ta bayar a shigar da ƙara, mu kuwa mun haura wata biyar. Alƙali ya kori ƙarar ba tare da an taɓo maganar jini ba. Hajiya, ku fara duba kwanan wata kafin komai.

Anti Nas: Shekara 31 na yi ina aikin jinya kafin na yi ritaya, bari in faɗa muku ta cikin gida. Shari'ar nan a kan fayil ɗin majiyyaci take tsayawa, a kansa take faɗuwa. A ɗakin tiyata ana ƙirga auduga da kayan aiki kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke, a rubuta. Lauyan da ya san aikin wannan takardar zai fara tambaya. Na taɓa zama gaban lauyoyi biyu a kan magana ɗaya. Na farko sai ɗaga murya yake, "kun kashe mutum". Ta biyun, wata baiwar Allah mai sanyin magana, cewa kawai ta yi, "Sista, tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe shida wa ya auna jininsa, me ya sa layin babu komai?" Wallahi sai da na ji gumi a bayana. Ku nemi kwafin fayil tun yanzu, a rubuce, ku riƙe shaidar an karɓi takardarku. Fayil yana da ƙafa, in an ji ƙishin-ƙishin ƙara sai ya yi tafiya.

Barista: Anti ta gama magana. Ni wannan ne abincina, kuma zancen maganin Trovan ne ya ja ni ciki tun ina ɗalibi: yara 200 a gwajin maganin sanƙarau da Pfizer ya yi a Kano a 1996, 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Shekara 13 ke nan.

Ƙofofin daban-daban ne, mutane ke haɗe su. In kuna son a hukunta likitan, sai ku kai koke da takardar rantsuwa ga hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Kwamitin bincikenta zai duba, in ya ga da magana ya tura kotun ladabtarwa, wadda za ta iya jan kunne, dakatarwa, ko soke sunan likita. Amma ko kwabo ba za ta ba ku ba. Diyya sai babbar kotu. Nas-nas da ungozoma kuma hukumarsu daban.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne samun likitan da zai tsaya ya ba da shaida a kan ɗan uwansa. Na taɓa zagaya mutum tara kafin wani dattijo da ya yi ritaya ya yarda. Naku yana da sauƙi ta nan, domin auduga a cikin mutum ita ke ba da shaidar kanta, nauyin bayani sai ya koma kan asibiti.

Kuma kada a ɗauka kullum a kotu muke. Rabin aikina rubuta wa asibitoci takardar amincewar majiyyaci ne, da koya wa ma'aikata dokar lafiya ta 2014, musamman sashe na 20 da ya hana korar wanda aka kawo cikin gaggawa, da dokar 2017 da ta ce a karɓi mai raunin harbi ko babu takardar 'yan sanda.

Malam Na Bakin Kasuwa: Mu sulhu muka yi. Lauyarmu ta rubuta wasiƙa guda, mai asibitin ya kira zama, ya ɗauki kuɗin aikin gyaran ƙafar yarona gaba ɗaya. Kawuna ya ce mun ci kuɗin ƙaddara, na ce masa diyya a addini aka san ta, ba mu muka ƙirƙiro ba. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Barista, asibitin na kuɗi ne, ba na gwamnati ba, wata ukun ya shafe mu? Audugar kuma likitan da ya ciro ta ya ɗauki hotonta a wayarsa.

Barista: Wata ukun bai hau kanku ba, Hajiya, amma kada ku yi sanya. Gobe mijinta ya je wurin likitan nan ya karɓi hoton da rahoton tiyatar mai sa hannu da hatimi, tun kafin wani ya riga shi kiransa.