SOA da hidimar yanar gizo: abu ɗaya ne?

Isuhu, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da kwamfutocin wata ƙungiyar 'yan albasa nan Tawa. Manhajarmu uku: ta rajistar mambobi, ta sito inda ake ƙirga buhunan da ke zuwa daga Galmi, sai ta kuɗi. Babu wadda ke magana da 'yar'uwarta, sunan mutum ɗaya sai an rubuta shi sau uku. An ce in yi SOA. In na buɗe wa kowace manhaja hidimar yanar gizo, wato ƙofar da wata manhaja za ta bi ta yi magana da ita, shi ke nan na yi?

Malam Habu, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, da saura. SOA, wato Service-Oriented Architecture, tsarin gina manhajoji ne: kowane aiki ya tsaya da ƙafarsa, a san abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, mai kiransa ba ruwansa da abin da ke cikinsa. Hidimar yanar gizo hanya ɗaya ce ta aiwatar da shi. Kamfanin Gartner ya fito da sunan SOA a 1996, lokacin SOAP, ƙa'idar aika saƙo ta hidimar yanar gizo, bai bayyana ba tukuna; CORBA kuwa, wata tsohuwar hanyar haɗa manhajoji, tun 1991 take nan. Da SOAP da WSDL (salon bayyana abin da hidima ke karɓa da mayarwa) suka yi tashe a shekarun 2000 ne aka cuɗa SOA da hidimar yanar gizo.

Fara da wannan: wa ke riƙe da sunayen mambobi? Rajista kaɗai. Sito da kuɗi su tambaye ta, kada su leƙa rumbun bayananta kai tsaye. In ba haka ba, ranar da ka canza layi ɗaya a rajista, sauran biyun za su iya tsayawa cak.

Rakiya, Yamai:
Malam ya yi gaskiya, amma a tuna da rezo. XML, salon rubutun da SOAP ke aika saƙo da shi, na da nauyi. Ɗauki REST, wani salon gina hidimar yanar gizo wanda Roy Fielding ya bayyana a 2000, ka aika da JSON, salon rubutun da bai kai XML nauyi ba. Kuma kowane biya ka ba shi lambarsa. Mutum ya turo jika goma, rezo ya yanke kafin amsa ta dawo, wayarsa ta sake turowa: lambar ce za ta hana a rubuta jika ashirin.

Isuhu, Tawa:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To in wuta ta ɗauke a wajen rajista, sito ya daina karɓar kaya ke nan?

Rakiya, Yamai:
A'a. Ya karɓa da lambar katin mamba, ya jera saƙonnin a layin jira. Rajista na dawowa ya tura mata su ɗaya bayan ɗaya.