Ciyawar ado ko bishiyar lemo? Ku raba mana gardama kafin damina ta sauka

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shuke-shuke ku taimaka min. Wata huɗu ke nan da tarewarmu a sabon gida, kuma an bar mana fili a tsakar gida wanda ba a yi wa daɓe ba, mita 5 a mita 6. Maigida ya dage ciyawa yake so, koriyar nan mai laushi kamar darduma da yake gani a gidajen Abuja, a gefe kuma a jera mai tsayi mai fitar da geza. Ni kuwa raina na kan lemo, don a gidanmu na Zariya da bishiyar lemun tsami na tashi, ban taɓa ganin an sayi lemon zoɓo a kasuwa ba sai da na yi aure. Matsalar ita ce ba mu da rijiya ba mu da burtsatse, wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa. Ga yara biyu ƙanana, ga sokawe a kusurwar gabas. Wanne ya fi sauƙin raino? Ko za su zauna tare?

Mai lambu daga Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun da kika ce ruwan saye kuke sha, ai kin amsa rabin tambayar da kanki. Zauna ku yi lissafi ke da Alhaji. Filinku murabba'in mita 30 ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ciyawar darduma ba ta zama kore sai kowane murabba'in mita ya sha kamar lita 5 a rana. Lita 150 ke nan kullum, jarka 6 mai lita 25, ba don girki ko wanki ba, don kallo kawai. Dashen lemo kuwa jarka ɗaya sau biyu ko uku a mako ta ishe shi a shekarun farko. Damina a Kano wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas ɗin aljihunku ne zai yi ruwan. Abuja ta fi mu ruwan sama nesa ba kusa ba, shi ya sa tasu ke burge shi.

In kun tsaya kan lemo, ki sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin wani lemo, kada ki shuka ƙwallo. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ki yi shekara 6 ko fiye kina jira, ga ƙaya kamar me. Ki duba gindinsa da idonki, za ki ga wani ɗan karkace kamar gwiwa a inda aka haɗa su. In babu, ki bar musu kayansu ko da sun rantse miki.

Hajiya Babba:
'Yata, ni na yi wannan kuskuren, bari in ba ki labari. Ciyawar kirikiri muka shimfiɗa, shekarar farko kowa ya shigo sai ya ce masha Allah. Daga nan sai aski duk mako biyu da damina, ga sauro da magariba, ga ta tana kutsawa ƙarƙashin daɓe tana fitowa ta bakin kicin. Hunturu na shigowa ta koma kalar buhu. Da muka gaji muka ce a cire, shekara biyu ana haƙa tana dawowa, don ko ɗan guntun saiwa ya rage sai ya tsiro. Amma in faɗi gaskiya, jikokina sun more ta, ba wanda ya taɓa fasa goshi a kanta.

Ɗan'uwanku daga Kaduna:
Ni fa ina bayan Alhaji. Kuna ta kushe ciyawa kamar iri ɗaya ce. Mai cin ruwa da aski ita ce ta shimfiɗa. Akwai masu tashi dunƙule-dunƙule, kamar jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai, in ta kama ba ruwanta da fari. Akwai kuma ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake jefawa a shayi, ga kyau ga amfani. Sau ɗaya a shekara za a datse su, a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ruwan farko na sauka su sake fesowa. In dunƙulen ya yi girma a tsaga shi da fartanya a samu dashe kyauta. Mai gezar da yake so ma 'yar'uwar kyasuwa ce da muke wucewa a bakin hanya, sai da ta shiga tukunya ta yi daraja.

Uwargida daga Kano:
Na gode ƙwarai. Wannan lissafin jarkar sai na nuna masa da daddare. To Malam mai lambu, in na sa lemon a tsakiya, aka zagaye shi da ciyawa har gindi fa? Kowa ya samu nasa.

Mai lambu daga Zariya:
A'a Hajiya, nan ne mutane ke kashe lemonsu. Saiwoyin da lemo ke ci da su a sama-sama suke, daidai inda ciyawa ke nata cin, kuma ciyawa ta fi shi haɗama. Ki zuba taki, ita za ta shanye. Na biyu, ciyawa na son yayyafi kullum, shi kuwa gindinsa ba ya son zama a jiƙe. In ya daɗe cikin laima sai ki ga ɓawon ya tsage yana fitar da ƙaro kamar hawaye, ganye ya yi rawaya, bishiyar ta tafi a hankali. Ki bar masa fili fes, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, ki yi masa kwari kamar faranti, ruwan ya zauna a kewaye ba a jikin kara ba.

Wajen dashe kuma, tun da sabon gida ne, na tabbata ƙasar cike take da baraguzan bulo da siminti. A kwashe su, don su ke sa sabon ganye ya fito fari-fari da koren jijiya. A haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Gwiwar auren ta tsaya sama da ƙasa, kada a binne ta, kuma duk reshen da ya tsiro ƙasa da ita a cire shi, don na uwar gindin ne, in ya yi ƙarfi zai danne na kirkin. Ki nisanta shi da katanga da sokawe kamar mita 3. Ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ruwa ya zauna, shi ne lokacinsa. In kina son iri mai asali, hukumar NIHORT mai binciken kayan lambu tana da reshe a Bagauda, a tambaya a can.

Maman 'yan biyu:
Ƙarin bayani kaɗan daga wadda ke rainon guda biyu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk gindinsu nake kai wa, amma ban da na wanki mai omo, don omo na da gishiri, lemo kuwa ba ya shiri da gishiri. Ki riƙa ɗaga ganye kina dubawa, akwai wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu sak, kwana uku ta yi wa ƙaramin dashe tsirara. Da hannu nake tsince ta. Furen shekarar farko kuma ki daure ki cire, na san da ciwo, amma gara ya yi jiki tukuna. Don yaran, ki kewaye shi da waya, lemun tsami akwai ƙaya.

Kawu:
Ku dai ku sa ido kan gara da akuyar maƙwabta. Nawa rana ɗaya aka bar ƙofa a buɗe.

Uwargida daga Kano:
Allah ya saka da alheri. Ya ga lissafin, ya yi shiru, sannan ya ce a sa lemun tsami ɗaya a yamma, nesa da sokawen, shi kuma a bar masa jikin katanga ya jera jemarsa da ta shayin. Sauran filin za mu zuba yashi saboda yara. Maman 'yan biyu, wayar da kika kewaye naki da ita, ta kejin kaji ce ko mai kauri?

Maman 'yan biyu:
Ta kejin kaji ce, da turaku huɗu. Ki bar ɗan wurin da hannu zai shiga don tsintar tsutsar.