Shawarwari Kan Haɗa Kayan Kwamfuta Ba Tare da Waya Ba

Bakin mutane ya zo ɗaya kan linzamin kwamfuta da allon rubutu: a raba su da waya. Amma da yawa sun fi son masu ɗan makunnin USB (ƙaramar na'urar karɓar sigina da ake sokawa a ramin USB) a kan masu Bluetooth, domin sun fi saurin amsawa, kuma suna aiki tun kafin Windows ta gama tashi, har cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta. Da makunnin da Bluetooth duk kan zangon rediyo na 2.4 GHz suke, shi ya sa ramin USB 3.0, wanda ke yin katsalandan a wannan zangon, kan sa linzami ya riƙa tsalle. A nisanta makunnin daga ramin ta hanyar amfani da guntuwar wayar ƙari ta USB.

Firinta a ɗora ta kan Wi-Fi.

Allon kallo da faifan ajiya kuwa, ni ma na yarda, a bar musu wayarsu, domin bayanan da suke ɗauka sun yi yawa.