Taƙaitawa: mota mai buɗaɗɗen sama don hawan kullum bayan ritaya

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan ko mota mai buɗaɗɗen sama za ta dace da hawan kullum bayan ritaya.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a fara gwada shiga da fita kafin a yi zancen inji. Kujerar irin wannan mota tana ƙasa sosai, kuma gwiwa da ƙugu ba sa ƙara lafiya da shekaru. Wasu sun ce a yi hayarta na 'yan kwanaki tukuna. Wannan ita ce shawarar da ta fi kama mini hankali.

2. Mazda MX-5 aka fi ambata. Tun 1989 ake ƙera ta, ba ta da nauyi, gyaranta da sauƙi. Amma kujeru biyu ne kawai, but ɗin sabon samfurinta kuma bai wuce lita 130 ba.

3. A kan rufi aka rabu. Masu son na yadi sun ce ya fi sauƙin naɗewa kuma bai da injin da zai lalace. Masu son mai tauri sun ce ya fi tare ƙara, sanyi da wuƙar ɓarawo. Duka ɓangarorin sun ce a riƙa duba robar bakin rufi da magudanan ruwa, don daga nan yoyo ke farawa.

4. Inda ake dusar ƙanƙara, tayoyin hunturu dole ne, tunda ƙafafun baya ke jan yawancin irin waɗannan motoci. Gishirin titi kuma yana kawo tsatsa.

5. Kaɗan sun dage cewa sai da mota ta biyu a gida. Mafi yawa sun ce ba dole ba ne.