Wai na lalata mota don na canza mata birki?

Mai FJ40: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Kun san Land Cruiser ɗina, FJ40 ƙirar 1968, wadda nake lallaɓawa da kaina a gida. Birkinta na asali durom ne gaba da baya, kowace taya silinda biyu, takwas ke nan, kuma kowacce sai ka kwanta ƙarƙashin mota ka saita ta da hannu. Ka daidaita wannan, waccan ta saki, ka taka birki mota ta fizge ka gefe guda. In ka ratsa ruwa kuwa, sai ka yi ta tafiya kana goga birki kafin ya bushe ya fara ci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi: layi ɗaya gare ta. Bututu ɗaya ya fashe, ƙafarka ta nutse har ƙasa, babu birki ko a taya ɗaya. To na cire na gaba, na sa birkin faifai da na samo daga aksil ɗin Land Cruiser 60, na sa masta mai layi biyu. Jiya wani dattijo da nake ganin girmansa ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ka lalata mota." Lalatawa fa! Alhali Toyota da kansu sun koma birkin faifai a gaban wannan motar tun tsakiyar shekarun 1970 a wasu ƙasashe. Matsayina ɗaya ne: duk wanda zai hau titi da tsohuwar mota a cikin motocin yanzu masu tsayawa cak, gyaran birki wajibi ne a kansa. Land Cruiser ce uwar motocin daji, ba zan bari ta kashe ɗan wani ba don kawai a ce ban taɓa ta ba.

Alhaji Mai Series: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mota taka ce, birki naka ne. Amma ka janye "uwa". An nuna Land Rover a baje kolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948. Toyota sai a 1951 ta fitar da tata. Ta ina 'ya ta riga uwarta zuwa duniya?

Mai FJ40: Ranka ya daɗe, maganar birki na kawo.

Alhaji Mai Series: Na ji. Ka janye tukuna.

Ɗan Toyota: Ba zai janye komai ba, Alhaji. Uwa ai ba a shekaru take ba, a ɗaukar nauyi take. Wace mota ce take kai likita da magani inda hanya ta ƙare, ta kuma dawo? Ka duba motocin ƙungiyoyin agaji a ko'ina, za ka ga Land Cruiser 70. Tun 1984 ake yin ta, har yau ba a daina ba. Land Rover ɗinku kuwa, an rufe layin ƙera tsohuwar Defender a masana'antar Solihull ta Ingila tun Janairun 2016.

Malam Willys: Ku dukanku ku yi haƙuri, ba a cikinku uwar take ba. Jeep ta yaƙin duniya na biyu tun 1941 take aiki. Land Rover ta gwaji da Maurice Wilks, injiniyan kamfanin Rover, ya haɗa a 1947 a kan shasin Jeep aka ɗora ta. Ita kuma ta Japan sunanta na farko ma Toyota Jeep BJ, sai a 1954 aka sauya mata suna zuwa Land Cruiser bayan kamfanin Willys mai ƙera Jeep ya yi ƙorafi. Wannan ba ra'ayina ba ne, tarihi ne.

Alhaji Mai Series: Ta gwaji ka ce. Ta gwaji ba mota ba ce.

Ɗan Toyota: Yanzu kuma ba mota ba ce? Da ma na san in an kama ku sai kun zille.

Hajiya Mai Patrol: Kullum haka kuke yi, kamar motoci biyu ne kawai a duniya. Nissan Patrol ma a 1951 ta fito, kuma Patrol ƙirar 60 ta yi shekara ashirin ana yin ta. Amma ba wanda zai ambace ta don ba ta da 'yan kanzagi a nan.

Oga Bakanike: Ku bar ni in tambayi mai magana, tunda ba wanda ya damu. Ɗan uwa, da ka sa faifai, ka cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe matsi a layin gaba na masta? Na durom ne shi. In ka bar shi, fad zai riƙa goga faifai ko ba ka taka ba, ka yi tafiya kaɗan ka ji wil ya yi zafi. Na biyu, ka sa abin daidaita ƙarfi tsakanin gaba da baya? In babu, ranar da ka taka da ƙarfi motar ba kaya, tayoyin baya ne za su fara ƙullewa, gindin mota ya juyo. Motar nan gajeriya ce, ba ta yafe irin wannan. Na uku, tsofaffin wil ɗinka ba sa taɓa kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai?

Mai FJ40: Allah ya saka da alheri, Oga, kai kaɗai ka karanta abin da na rubuta. Bawul na cire, na daidaitawa na sa. Wil kuwa sun taɓa, sai da na nemo na ƙirar baya. Da na buɗe kan aksil ɗin ma, giris ya gauraye da man giya ya zama kamar taɓo, yana tsiyaya ta bayan murfi. Sil ɗin ciki ya mutu tuntuni. Na wanke Birfield, wato gaɓar da ke kan sandar aksil ɗin gaba, tas, na sa sabon sil da boris, na cika giris.

Alhaji Mai Series: Kun ji da bakinsa. Ashe uwar ma tana yoyo.

Ɗan Toyota: Alhaji, kai ne za ka yi maganar yoyo? Ka ajiye tsohuwar Land Rover Series dare ɗaya ka dubi ƙasa da safe. Inji na ɗiga, giya na ɗiga, aksil na ɗiga. Ga sandar aksil ɗin baya, ka ɗan saki kulochi da ƙarfi a kan dutse ka ji ƙas, ta tsinke. Shi ya sa kowane ɗayanku yake yawo da safaya a ƙarƙashin kujera.

Alhaji Mai Series: Muna yawo da ita don canza ta ba ya buƙatar ɗaga mota. Ka kwance notuna, ka zaro, ka tsamo guntun da ya karye, ka zura sabuwa. Wannan ita ce motar mai gyara a gida. Kuma bodina alminiyam ne. Naka fa? Nuna mini FJ40 ɗaya da tsatsa ba ta ci ƙasan ƙofar bayanta da kan tayoyin baya ba.

Malam Willys: Bodi alminiyam ne, amma shasi ƙarfe ne, bangon gaban direba ma ƙarfe ne, kuma shasin rufaffe ne, ruwa ya shiga ya kwanta ya ci shi daga ciki. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma sai ka ga farin gari yana fitowa. Ka faɗi gaskiya, Alhaji, shasin da ke ƙarƙashin motarka na asali ne?

Alhaji Mai Series: Na canza shi da sabo mai rufin zinki, ban ɓoye wa kowa ba. Na kuma sa mata injin dizal na 200Tdi, domin nata na asali mai lita 2.25 ba ya iya bin titin yanzu.

Ɗan Toyota: To jama'a ku shaida. Shasi sabo, inji na wata motar. Me ya rage na asali, lambar mota? Tsoho, kai ne ka lalata mota, ba wancan ba.

Hajiya Mai Patrol: Kai, gyara bakinka. Sa'an mahaifinka ne kake kira tsoho a gaban mutane?

Ɗan Toyota: Hajiya, ba zagi na yi ba.

Hajiya Mai Patrol: Zagi ne. Ka ba shi haƙuri ko ka fita.

Alhaji Mai Series: Bar shi, Hajiya. Na fara kwance giya kafin a haife shi.

Oga Bakanike: Ni abin da ya dame ni daban ne. Kowa sai alfahari yake da "a gida, a gida". Canjin baƙin mai, fulogi, giris, saita kwantak, duk ku yi a gida, madalla. Amma birki da sitiyari rai ne. Na sha ganin mutum ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kawai ba tare da ya tokare ta ba. Na ga wanda ya ƙara mata tsawo, ya sa manyan tayoyi, bai san ya ƙara wa birki da aksil nauyi ba, mitar gudu ma ta koma nuna ƙasa da abin da yake yi. In ta ɓaci sai a jawo mana.

Mai FJ40: Oga, da girmanka, abin da ya mai da ni gyara da kaina shi ne wani gareji da suka cika mini giya da man da ba nata ba, suka kuma bar noti biyu a kwance.

Oga Bakanike: Wato duk makanikai ɓarayi ne ke nan?

Mai FJ40: Ban faɗi haka ba.

Oga Bakanike: Haka aka fahimta. Laifin gareji ɗaya kada a shafa wa masu sana'a duka.

Ɗan Toyota: Alhaji, ka yi haƙuri a kan "tsoho". Amma a kan "uwa" ina nan daram.

Malam Willys: 1941. Ban ga wanda ya amsa wannan ba har yanzu.

Mai FJ40: Don Allah wani ya gaya mini, na lalata motar ko ban lalata ba?

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka nan, abin ya fara taɓa mutunci. Ga abin da na fahimta. An tabbatar da hujjar shekara cewa Land Rover ta riga Land Cruiser, kuma ba wanda ya iya musa 1948. Maganar Jeep motar soja ce, ba ta cikin abin da muke tattaunawa. Mai magana da bakinsa ya yarda motarsa tana yoyon mai, don haka daga yau a daina jingina yoyo ga mota ɗaya. An kuma nuna cewa Series ta fi sauƙin gyara a gida, ni ma tawa shaida ce. Canjin shasi da inji da Alhaji ya yi kula da mota ne, ba a ce masa komai. Ɗan Toyota ya ba da haƙuri, an karɓa. Batun birki kuwa, Mai FJ40, ka tura wa Oga Bakanike hotuna ta gefe ya duba maka. Na rufe wannan maganar.