Faifan birki mai huji-huji ko mai tsaga, wanne ya dace da Golf 6 GTI?

MaiGTI_Tarauni:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masana mota ina neman shawara. Ina da Golf 6 GTI, an ɗan taɓa min kwamfutarta ta ƙara ƙarfi, to tun daga nan birkin ya daina gamsar da ni. A cikin gari ba matsala, amma in na hau hanyar Zariya na taka birki da ƙarfi a jere sai in ji fedar ta yi laushi tana nutsewa, ga ƙauri, kuma yanzu sitiyari har rawa yake in na taka. Bakanikena ya ce faifan ne ya lanƙwashe, in sayi mai huji-huji irin na motocin tsere. Na leƙa Ƙofar Ruwa na ga kala-kala, mai huji, mai tsaga, da wanda ya haɗa duka. Wanne zan ɗauka? Ko in haƙura in tara kuɗi in sa birkin kamfanin Brembo gaba ɗaya?

Bakanike_Kwakwaci:
Wslm. Ƙanena kar ka yi saurin zuba kuɗi a faifai tukunna, matsala biyu ka faɗa kuma ɗaya ba ta faifai ba ce sam. Fedar da ke nutsewa man birki ne yake tafasa. Man nan yana shan ruwa daga iska a hankali, man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya tsufa ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, to da ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin layi, ka ga kumfa kuwa matsuwa take yi, shi ya sa ƙafarka ke tafiya ƙasa motar ba ta tsayawa. Da a ce fedar da tauri take amma motar tana zarcewa, wannan pad ne, wato abin da ke gogar faifan in ka taka birki, ya ƙone. Yaushe rabonka da juye man gaba ɗaya? Ba ƙari ba fa, juyewa. Mutanenmu sai dai a yi ta ciko shekara da shekaru, alhali duk shekara 2 ya kamata a canza. Ka nemi DOT 5.1 ko Motul RBF 600, amma kar a kuskura a zuba maka DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Rawar sitiyarin kuma, yawancin wanda ake cewa ya lanƙwashe wlh bai lanƙwashe ba. Mutum ya zafafa birki sannan ya tsaya cak ya danne feda, sai pad ya bar shafe a wuri ɗaya, in ka cire taya ka haska za ka ga shatin pad ɗin ya fito a jikin faifan ɓaro-ɓaro. Wani lokacin kuma tsatsa ce a fuskar hob, wato ƙarfen da faifan ke zama a kansa, ba a goge ba aka ɗora faifai a kai, ko mai faci ya sa dogon bututu ya hau kan noti ɗaya da ƙafa ya bar sauran.

Abban_Hanifa:
Ni dai na sa mai huji a C350 ɗina kuma lafiya lau, hasali ma da shi motar ta zo daga kamfani. In da ba shi da amfani Mercedes da Porsche za su sa ne? Ga kyau a cikin rim, kuma lokacin damina yana kamawa da wuri.

Injiniya_Kabuga:
Abban Hanifa maganarka gaskiya ce a titi, amma a bambanta. Wanda kamfani ya tsara da hujinsa, an lissafa kaurinsa da inda kowane rami zai zauna, daban yake da wanda aka ɗauko faifai na gama-gari aka bi shi da injin huji don ya yi kyau a ido. Kuma ko na kamfanin, in aka matsa masa a filin tsere inda faifai ke haura digiri 500 yana hucewa yana sake ɗauka, daga bakin ramukan yake fara tsagewa, siraran layuka kamar gashi, in tsagar ta haɗe rami biyu ko ta kai baki to faifan ya gama aiki. Shi ya sa motocin tsere da yawa mai tsaga suke sawa ko sumul. Tsagar tana share fuskar pad tana fitar da ƙura, illarta tana cin pad da sauri kuma za ka riƙa jin ɗan gurnani in ka taka. Ga ƙurar Kano lokacin hunturu, ramukan nan cikewa suke yi.

Abin da nake so mai tambaya ya gane shi ne aikin faifai ɗaukar zafi ne da zubar da shi. In ka ninka gudu, zafin da birki zai sha sau 4 yake ninkuwa, ba sau 2 ba. Don haka abin da ke taimako shi ne yawan ƙarfen da hanyoyin iskar da ke tsakiyarsa, ba ado ba. Naka na gaba milimita 312 ne, kauri 25. Na Golf R ko R32 345 ne, kauri 30, mutane da yawa shi suke ɗaurawa da kalifarsa, wato ƙarfen da ke matse pad a jikin faifai, ya fi Brembo ko AP Racing sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai ka tabbatar rim ɗinka zai ɗauka, mai inci 18 ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma mai gida biyu, tsakiyar alminiyom zoben ƙarfe, ya fi sauƙin nauyi kuma zoben yana samun wurin buɗewa in ya yi zafi, amma tsada. Na kabon seramik kuwa ka manta da shi, kuɗinsa zai iya sayen wata motar.

Kuma duk girman faifai taya ce ke riƙe ƙasa. In ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka taka birki, yana shigowa a takawar farko to birkinka ya riga ya fi ƙarfin tayarka, babban faifai ba zai rage maka ko taku ɗaya ba, amfaninsa sai a takawa ta biyar ta shida.

Alhaji_Fagge:
Yarana ku yi haƙuri in sa baki. Hanyar Zariya ba filin tsere ba ce, ga 'yan adaidaita, ga masu tsallaka titi a Kura da Kwanar Ɗangora, ga shanu. Dokar Road Safety ma kilomita 100 ce ga ƙaramar mota a babban titi. Ka gyara birki don kare rai, wannan na goyi baya ɗari bisa ɗari. Kuma a kula da jabu, kwali mai sunan babban kamfani ba shi ne kaya ba, har murfin roba ja ake sayarwa a rufa a kan kalifa, wannan zafi ma yake tarewa. In na Beljiyam za ka saya a auna kaurin a gabanka, akwai MIN TH, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, rubuce a gefen faifan.

MaiGTI_Tarauni:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma, in sha Allah za a kiyaye. Oga na Kwakwaci gsky tunda na sayi motar ba a taɓa juye man ba, na buɗe yanzu ya yi baƙi kamar shayi. Zan fara da mai da pad, in sa faifai sumul ko mai tsaga mai kyau. Pad wanne kuke gani, na ji ana maganar EBC Yellowstuff? Kuma wai sai an yi masa wani horo bayan an ɗaura?

Bakanike_Kwakwaci:
Yellowstuff ya yi, titi da ɗan matsi duk yana ɗauka, sai dai ƙura a rim. Kar dai ka sa pad na tsere zalla, da sanyin safiya ba ya kamawa sai ya ɗau zafi. Horon kuma dole ne. Ka samu hanya da ba kowa, ka kai kamar 90 ka taka da ƙarfi zuwa 20 ba tare da ka tsaya ba, ka maimaita wajen sau 8, sannan ka yi ta tafiya minti 10 ba ka taɓa birki ba ya huce. Ranar kar ka wuce wajen wankin mota a watsa masa ruwa da zafinsa. Kuma ka ce a goge hob ɗin tas da burushin ƙarfe kafin a ɗora faifan, notin taya a ɗaure su a gicciye.